Kiran Ƙofa a Unguwar Ɗinya

A wani daji mai majalisa da dokoki, inda ko hanyar zuwa shan ruwa sai an yi zama a kanta, akwai wata tsohuwar unguwa ta masu zaman rami da ake kira Unguwar Ɗinya. Tudu ne na jar ƙasa, da ƙatuwar ɗinya a tsakiyarsa, da rijiya a gindinsa, da ramuka ashirin da uku da suka kewaye dandali. Lokacin da unguwar take unguwa, in ka zo da hantsi sai ka rasa inda za ka sa ƙafa. 'Ya'yan gadu suna tsere da wutsiya a miƙe, matan kurege suna shanya gyaɗar da ba su suka shuka ba, zomaye suna bi ƙofa-ƙofa suna sallama ba don suna da abin faɗa ba. Duk wannan Gwaggo Kuluwa ta gani da idonta, kuma ita kaɗai ta rage da za ta ba da labarinsa.

Gwaggo Kuluwa beguwa ce, tsohuwa tukuf, ƙayoyin bayanta sun zube saura 'yan tsiraru da ba sa tsorata kowa. A unguwar aka haife ta, aka aurar da ita ƙofa uku daga gidan ubanta, a nan kuma ta binne mijinta Dangana. Da aka buɗe sabuwar unguwa a Bakin Tafki, inda ƙasa take da laushi kuma ruwa yake a ƙofar gida, sai maƙwabta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kowa in zai tafi sai ya tsaya a ƙofarta ya ce, "Gwaggo, a riƙa duba mana gida, bayan damina za mu dawo." Ba wanda ya faɗi wace daminar, ita ma don kunya ba ta tambaya ba. Ta ɗauki tsintsiya ta kama share ƙofofin jama'a, kullum safiya, shekara tara cur.

To, ga inda matsalar take. Dajin yana da wata doka da ake ce wa kiran ƙofa. Kowace shekara, kafin ruwan farko, Sankira Hankaka yakan zo ya sauka a kan bishiyar unguwa, ya riƙa kiran gidaje ɗaya-ɗaya da sunan wanda ya kafa su, na ciki ya amsa, "Muna nan!" Unguwar da aka rasa ƙofa bakwai masu amsawa ta zama kufai, sai a ba giwaye su mai da ita hanyar zuwa tafki. Wanda ya taɓa ganin inda giwaye suka bi sau biyu ya san ba a sake maganar rami a wurin. Shi kuwa Sankira bai taɓa sauka ƙasa ba, don a ganinsa hukuma ba ta leƙa rami. Kunnensa kawai yake aiki da shi.

Da wannan kunnen Kuluwa ta yi ta wasa shekara tara. Ramukan unguwar suna da hanyoyi ta ƙarƙashin ƙasa, waɗanda mata suke bi a da in za su ari kanwa ba tare da maigida ya gani ba. Sankira yana cewa, "Gidan Shekarau!" sai ta yi gurnani irin na gadu ta ce, "Muna nan!" Kafin ya gyara murya ta kutsa ta ɓulla gidan Tanimu ta amsa da siririyar muryar kurege, daga nan ta faɗa gidan Nomau ta yi ta zomo. Allah Sarki, tsohuwa da gudu a ƙarƙashin ƙasa, tana haki, don kada a tattake ɗakin da uwarta ta haife ta. Bara da ƙyar ta kai ƙofa ta bakwai. Sankira ya kai wa majalisa labari cewa jama'ar Ɗinya suna nan ƙalau, illa dai duk unguwar tari iri ɗaya take yi.

Bana kuwa ta san ba za ta iya ba. Uku daga cikin hanyoyin sun rufta, gwiwoyinta sun ƙi, ga kiran ƙofa saura kwana goma sha biyu. Ta zauna a gindin ɗinya da tsintsiya a hannu tana ƙirga ƙofofin da za ta iya kaiwa, duk yadda ta juya huɗu take samu. Ta yi kuka sosai ran nan, ba kuma wanda ya ji, tun da ba kowa.

Tana cikin share hawaye sai ta ji an ce, "Salamu alaikum, Inna."

Ta ɗaga kai ta ga wata halitta da ba ta taɓa gani ba sai a labari: baki dogo, kunnuwa irin na jaki, farata kamar an ɗaura masa fartanya a kowane yatsa. Dabgi ne, mai haƙa rami, mai cin gara. Bayansa ga matarsa da 'yan uwansu, duk gajiya ta gama da su.

"Sunana Barmo, Inna, wannan kuma mai ɗakina ce, Hakama. Daga hayin kogi muke. Ambaliya ta cinye mana gari, tun damina muke tafiya. Duk unguwar da muka je sai a ce ta cika. A Bakin Tafki ma ruwa kawai aka bari muka sha, shi ma a tsaye. Mun ga ƙofofinku a share, shi ya sa muka tsaya daga nesa, kada mu shiga hakkin masu gida. In da inuwar da za mu huta kwana biyu, mun gode."

Kuluwa ta dube su ta ƙirga. Manya shida ne, da ita bakwai. Ta rasa ko tsoro take ji ko murna.

"Ɗan nan, kun iya amsa kira?"

"Wane irin kira, Inna?"

Ta zaunar da su ta zayyana musu komai, tun daga tafiyar maƙwabta har zuwa giwaye. Barmo ya sosa kunne, sannan ya ce, "Inna, sunan wani ne fa."

"Sunan da mai shi ya bari a nan yana shan rana shekara tara? Aro na ba ku, ba kyauta ba. Ku dai ku ce kuna nan. Ai ba ƙarya kuka yi ba, kuna nan ɗin."

Haka ta raba musu gidaje da sunayensu. Barmo da Hakama ta raba su gida biyu don ƙofofi su cika, shi ya karɓi gidan Shekarau, babban gidan su gadu, ita ta karɓi na Nomau. Hakama ta tambaya ko sai ta koyi muryar zomo. Kuluwa ta ce kada ta wahalar da kanta, Sankira ba ya bambanta zomo da kwaɗo.

Ranar kira ta zo, Sankira ya sauka a reshensa ya buɗe baki. Kuluwa na zaune a ƙofarta, karo na farko cikin shekara tara, ba gudu ba haki. Aka ce, "Gidan Shekarau!" sai ta ji wata murya wadda ba tata ba ta ce, "Muna nan!" Kai, abin da ta ji a ranta ba ya faɗuwa. Har aka zo kanta ta kusa kasa amsawa don kuka.

Kwana biyun su Barmo ba su ƙare ba. Baƙin nan ba su iya zaman banza ba, wallahi. Cikin kwana uku suka yashe rijiyar da ƙasa ta cike tun shekaru, ruwa ya taso mai sanyi. Suka buɗe hanyoyin da suka rufta, suka tokare ɗakunan da suka tsage. Garar da ta shiga saiwar ɗinya har bishiyar ta daina 'ya'ya, ita ce abincinsu, suka lashe ta tas, ɗinya ta sake yin nauyi. Labari ya bazu cewa akwai wurin da ba a cewa ya cika. Su gafiya suka zo da hatsinsu, su tunku suka zo suka fatattaki macizan da suka tare a gidajen da ba kowa, wasu bushiyoyi suka zo da yara rututu. Kowa ya iso, Kuluwa ta ba shi ƙofa da suna. Kafin damina biyu, ƙofa ashirin da uku suna amsawa, kasuwa tana ci a gindin ɗinya duk ran Laraba.

Kada a ce Kuluwa waliyyiya ce. Mita take yi daga safe har yamma. Waƙoƙinsu ba irin na Ɗinya ba ne, gaisuwarsu ta yi gajarta, ƙaurin abincinsu yana hawa mata kai, ga su gafiya sun kafa rumbu a daidai inda ake ɗaurin aure a da. Kullum sai ta ce, "Ba haka ake yi a Ɗinya ba." Hakama takan ce, "To, Inna, koya mana," tana murza mata gwiwa da man kaɗe, ga rogon daji ta ajiye mata a gefe. Tsintsiyar Kuluwa kuwa ta samu hutu, don ƙofar da ake takawa ba ta tara ciyawa. Duk da haka, in yamma ta yi takan kalli hanyar Bakin Tafki, tana cewa a ranta, da ma su Shekarau su zo su ga yadda unguwarsu ta dawo.

Akwai abu ɗaya da ya tsaya mata a rai. A ƙuryar kowane tsohon gida na Ɗinya, a jikin bango, akwai wasu layuka huɗu-huɗu masu zurfi da ake kira zanen kakanni. Duk yaron da ya fara tafiya sai an kai shi ya shafa, a gaya masa, "Ka ga hannun kakanka, da shi ya haƙa gidan nan." Wata rana Barmo yana faɗaɗa mata ƙurya, ya kai farata ya yagi ƙasa a gefen tsohon zanen. Kuluwa ta dubi sabon sawun, ta dubi tsohon, ta sake duban sabon. Layi huɗu, zurfi ɗaya, tazara ɗaya. Ta jawo tabarma ta rataya a wurin. Barmo ma ya gani, ya ci gaba da aikinsa.

Ana nan sai majalisa ta ji labarin Ɗinya. Aka yi zama na musamman aka yaba wa 'ya'yan unguwar na asali da suka dawo suka raya gidan iyayensu, aka ce sauran unguwanni su yi koyi. Sankira ya zagaya daji yana shela da sunayen gidajen. A Bakin Tafki, Cindo ɗan Shekarau, ƙaton gadu mai tumbi, yana kwance cikin laka yana korar sauro, sai ya ji ana yabonsa a kan dawowar da bai yi ba. Ya ce to, bari ya je ya ga abin da ya aikata.

Da Kuluwa ta hango shi ta jefar da sandarta ta nufe shi tana ɗingishi. Ita ta yi wa uwarsa wankan jego, ita ta cire masa ƙaya a kofato ranar da ya fara fita dandali. "Cindo! Cindo na Shekarau! Ashe zan sake ganinka? Ina babanka? Ina babarka Yalwa?"

"Baba ya rasu shekara huɗu ke nan, Gwaggo, ai na ɗauka an aiko." Idonsa ba ya kanta. Yana kallon rijiya, yana kallon kasuwa, yana kallon ƙofar gidan ubansa da aka ɗaga aka yi mata dakali. Ya leƙa ya ji sanyin ɗakin, ba laka ba sauro. Ya juyo ya ce, "Gwaggo, wane ne wancan mai dogon bakin a gidanmu?"

Kafin mako ya zagayo, magada goma sha tara sun tuna da asalinsu, ƙara kuma ta isa majalisa.

A gindin ɗinya aka yi zaman, tun da shari'ar ƙasa a kan ƙasar ake yin ta. Ɓauna ne shugaba, wanda ko hancinsa ba ya shiga rami, shi zai yanke hukunci a kan ramuka. Dila, wakilin magada, ya sha ruwan rijiyar ya ƙoshi, ya tsotsi ɗinya biyu, sannan ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, 'yan majalisa, mu ba ma ƙin baƙo. Wa ya kai mu son baƙo? Amma kowa ya san abin da baƙi suke yi wa unguwa. Su cika ta da hayaniya, su ƙafar da rijiya, su ɓata tarbiyyar yara. Ku dubi Ɗinya da idonku. Wannan ruwa, wannan kasuwa, wannan inuwa, mu da bakinmu muka yaba wa 'ya'yanta na asali a kansu, wata bai cika biyu ba. Yanzu kuma sai ga shi mun ji baƙi sun kutso. Ranka ya daɗe, in ba a tashi tsaye ba, duk wannan gyaran da muke gani, baƙin nan sai sun rushe shi."

Aka yi ta gyaɗa kai. Cindo ya tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban taɓa barin gidan nan a zuciyata ba. Kakana ya haƙa shi da hannunsa, zanensa yana nan a ƙurya. Shekara goma sha ɗaya ana kiran gidan Shekarau, a tambayi Sankira ko an taɓa yin shiru."

Sankira daga reshe ya ce, "Ko sau ɗaya. Kunnena shaida ne."

Aka ba Barmo dama. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu ce namu ba ne. Aro aka ba mu. Mun tarar da ƙofa a share, ciki a rufte, muka gyara don mu samu wurin sa haƙarƙari. In an ce mu tashi za mu tashi, ba yau muka fara ba. Roƙona ɗaya ne. Rijiyar nan tana son yasa sau biyu a shekara, kuma ta gefen gabas ake shiga, in ba haka ba za ta rufta. A samu wanda zai riƙa yi."

Dila ya ce a lura, baƙo ya fara koya wa majalisa aikinta.

Sai Ɓauna ya juyo ga Kuluwa. "Gwaggo, ke ce babba a nan. Su wa suka riƙe unguwar nan, suka riƙa amsa kira?"

Tun da safe Dila ya raɗa mata cewa in ta ce magada ne, za a naɗa ta uwar unguwa, ba mai taɓa ɗakinta har ta mutu. In kuwa ta faɗi wani abu daban, to ta sani yaudarar majalisa laifi ne. Ta dubi Cindo, ta ga goshin Shekarau sak, har zuciyarta ta karye, don tana sonsa har yanzu. Ta dubi Hakama, wadda ta sunkuyar da kai, da sauran man kaɗe a hannunta. Ta dogara sandarta ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni tsohuwa ce, ba ni da sauran kwanakin da zan kashe a kan ƙarya. Shekara tara ba kowa a unguwar nan sai ni da macizai. Ni ce Shekarau, ni ce Tanimu, ni ce Nomau." Ta yi gurnanin gadu, ta yi tsiwar kurege, ta yi ta zomo, sai tari ya sarƙe ta.

Sankira ya zabura a kan reshe. "Tarin nan! Na san shi!"

Aka fashe da dariya, Ɓauna ya buga kofato aka yi tsit. Kuluwa ta ci gaba.

"Na share ƙofofinsu har bayana ya ƙage, ina jiran su dawo. Shekarau ya mutu ba wanda ya aiko mini, ni kuwa ina nan ina amsa sunansa. Da ƙarfina ya ƙare, Allah ya kawo waɗannan. Ni na ba su sunaye, laifin nawa ne, ba nasu ba. Ruwan da Dila ya sha ɗazu, su suka tono shi. Cindo, ɗana, ba na ƙinka, Allah ya sani. Amma ka ce zanen kakanka yana ƙurya. Ni ma haka aka gaya mini, haka na gaya maka da bakina ina riƙe da hannunka. A shiga a ɗaga tabarmar da ke ƙuryata, a gwada kofatonka, a gwada faratan Barmo."

Tun da shugaba ba ya shiga rami, aka tura wani dattijon kurege ɗan majalisa, da Cindo, da Barmo. Suka jima a ciki. Cindo ne ya fara fitowa, bai dubi kowa ba. Dattijon ya fito yana karkaɗe ƙasa daga gemunsa, ya tsaya yana inda-inda.

"Ranka ya daɗe, kofato dai bai shiga ba. Nawa hannun ma na gwada, bai kai ba. Faratan baƙon kuwa sun zauna a ciki daram."

Kowane ɗan asali a wurin ya taɓa shafa zanen nan yana yaro. Majalisa ta koma bayan bishiya ta yi ƙus-ƙus har rana ta karkata, sannan Ɓauna ya dawo ya gyara tsayuwa.

"Majalisa ta saurari kowa. Doka ta ce gida na mai suna ne, sunayen nan kuma ba su taɓa fashin amsawa ba. Wanda ya amsa ɗin, wannan ba huruminmu ba ne, hukuma ba ta leƙa rami. Don haka gidaje na magada ne. Baƙi kuwa majalisa ta gode musu ƙwarai, ta kuma ba su kwana bakwai su nemi wuri, don mu ba a san mu da wulaƙanta baƙo ba. Gwaggo Kuluwa an yafe mata, an ɗauki maganarta a matsayin ruɗin tsufa. Zanen nan kuma, tun da ya fara rikita manya, ba a san abin da zai yi wa yara ba. A shafe shi da jar ƙasa a kowane gida. Majalisa ta duba ba ta ga wanda ya iya aikin ƙasa kamar Barmo ba, saboda haka shi zai yi kafin ya tafi."

Ya kuwa yi, gida-gida, shafe mai kyau, sumul, ba ka cewa an taɓa zana komai. Ɗakin Kuluwa ya bari na ƙarshe. Tana zaune tana kallonsa ya kwaɓa ƙasa, ya ɗora hannunsa a kan tsohon zanen ya ɗan jima.

"Ka sani tun tuni, ko?"

"Tun ranar da na fara shiga, Inna. Kakata takan ba mu labarin wani tudu mai ɗinya inda aka ce wa kakanninta su tashi su nemi wuri. Na ɗauka tatsuniya ce."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ba wanda ya tambaye ni." Ya ɗebi ƙasa ya shafe.

Safiyar rana ta bakwai, baƙi suka ɗaure kayansu. Su gafiya sun kwashe rumbu, su tunku sun yi gaba, dandali ya koma fili. Kuluwa na tsaye a ƙofarta sai ga Cindo, ya zo da fara'arsa.

"Gwaggo, zan ɗan koma Tafki in shirya iyali, kin san tashi ba a yin sa da gaggawa. Sauran ma haka. A riƙa duba mana gida, bayan damina za mu dawo."

Wannan karon ta tambaya. "Wace daminar, Cindo?"

Ya yi dariya ya ce Gwaggo ba ta rabuwa da barkwanci. Ta shiga ɗaki ta fito da tsintsiyar nan da ta cinye rabi, ta miƙa masa. Ya karɓa yana juya ta, bai san ta ina ake riƙewa ba. Ita kuwa ta ɗauki sandarta ta bi bayan masu tafiya.

Barmo ya ce, "Haba, Inna, ina za ki da wannan gwiwar? Nan ne gidanku."

"Shekara tara ina zaune a gidanmu ni kaɗai, na san daɗinsa. Ku dai ku rage sauri."

Hakama ta karɓi ƙunshinta ta ɗora a kan nata. A gindin tudu Kuluwa ta waiwaya sau ɗaya. Ga ɗinya ta yi nauyi da 'ya'ya, ga ɗakin da aka haife ta, ga inda Dangana yake kwance. Ta ji kamar ana zare mata wani abu daga ƙirji, ta yi kuka ba ta ɓoye ba, ta yi wa mijinta addu'a, sannan ta juya.

Kwana biyar suna tafiya, duk inda suka tsaya a ce ya cika. Rana ta shida da hantsi suka iso wani tudu mai bishiyar aduwa, ƙofofi a share fes, ba motsin kowa. Can sai ga wani tsohon damo ya fito daga wani rami yana haki, ya faɗa wani, ya sake fitowa yana gwada muryar zomo. Da ya gan su ya tsaya cak. Kuluwa ta ga bakinsa yana motsi, ta san ƙirga su yake yi.

Ya matso ya ce, "Sannunku da hanya. Baiwar Allah, ke baƙuwa, kin iya amsa kira?"

Ba a taɓa ce mata baƙuwa ba tun da aka haife ta. Ta buɗe baki za ta gaya masa yadda abin yake ƙarewa, sai ta ga ƙasar da ta manne masa a gwiwa. Ta juya ta nemi Barmo, ashe har ya fara kwashe ƙasa daga bakin rijiyar tudun.

Ya ce, "Ki amsa kawai, Inna. Mu mun saba."

Kuluwa ta share ido ta ce wa damon, "Wace ƙofa ce tawa, kuma wa ya kafa ta?"

Da shekara ta zagayo, Sankira Hankaka ya sauka a kan ɗinya kamar yadda ya saba, ya yi aikinsa a unguwar da ba kowa, ya koma ya shaida wa majalisa cewa, alhamdu lillahi, ya kira ƙofa ashirin da uku a Unguwar Ɗinya, bai ji muryar baƙo ko ɗaya ba.